Furen Dutsenmu Iri Biyu Ne

A garinmu, can gindin duwatsun Kagoro, akwai wani ɗan tsiro da ke fitowa da damina wanda babu yarinyar da ba ta yi wasa da shi ba. Karansa ruwa ne zalla, in ka ɗaga shi ga rana kusan kana hango yatsanka ta ciki. Furensa ruwan hoda ne, da 'yar wutsiya ta baya inda zaƙin yake taruwa. Amma mu ba furen ne ya dame mu ba, kwanson 'ya'yansa ne. In ya nuna, da ka ɗan matsa shi sai ya fashe ya nannaɗe a yatsanka, 'ya'yan su watse ko'ina. Muna ce masa taɓa-ni-in-fashe. In an aike mu ɗebo ruwa a rafi, shi ke sa mu dawo a makare mu sha faɗa. Sai da na je kwalejin horar da malamai na ji cewa a littafi balsam na daji ake ce masa, kuma danginsa suna da yawa, galibinsu mazauna tsaunuka, suna kama da juna har su rikita masana.

Wanda ya mayar da ni kan furen nan da girmana shi ne Malam. Tare muka koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Kakuri, shi babba ni ƙarama. Mutumin Makera ne, dogo, mai sanyin murya, amma a taurin kai ban ga na biyunsa ba, in ka cire ni. Kafin ya shiga koyarwa ya yi aiki a ɗakin ajiyar busassun tsirrai na wata jami'a, kuma a lokacin ne aka taɓa tura shi dutsenmu ya tsinko samfuri. Ranar da ya ji inda na fito, ko lafiyar mutanen gida bai tambaye ni ba. Tambayarsa ita ce ko na lura cewa taɓa-ni-in-fashe na bakin rafi da na kan falalen dutse ba ɗaya ba ne.

Na ce masa a can aka binne cibiyata, kuma fure ɗaya ne. Ya ce in na je gida hutu in duƙa in dubi wutsiyar. Na je, na duƙa, na duba, na dawo ina jin haushinsa, domin gaskiyarsa ce. Na bakin rafi wutsiyarsa doguwa ce, ta lanƙwashe kamar ƙugiya, ganyensa yana da faɗi da ɗan gashi mai laushi. Na kan falale wutsiyarsa gajera ce a miƙe, ganyen siriri, karan da ɗan ja-ja. Shekara da shekaru ina fasa su, ban taɓa kallon bayansu ba.

Littafin da masana ke dogara da shi kuwa cewa ya yi iri ɗaya ne. Haka ma shugaban Malam na wancan lokaci ya gaya masa: inuwa da danshi ne ke sa wutsiya ta yi tsawo, rana da ƙarancin ƙasa su sa ta gajarce, saboda haka ya daina ɓata wa mutane lokaci. Malam ya bayyana mini abin da ya jawo haka. Masu wannan aiki suna danne tsiro ne tsakanin jaridu har ya bushe, sa'an nan su manna shi a takarda su ajiye. Yawancin tsirrai suna jure wannan. Balsam ba ya jurewa. In ka danne furensa sai ya koma kamar ɓawon albasa, launin ya tafi, wutsiyar ta karye ko ta manne da sauran. Duk wanda ya zauna a ofis ya dubi busassun nan zai rantse abu ɗaya ne. Malam shi ya gan su da rai, kuma bai yarda ya manta ba.

Hanyar raba gardamar ba ta da wuya a faɗa. Ka ɗauko su biyun daga dutse, ka bar su su zubar da iri, ka raini 'ya'yansu a ƙasa ɗaya, inuwa ɗaya, ruwa ɗaya. In wurin zama ne ya bambanta su, 'ya'yan za su fito iri ɗaya. In kuwa kowane ya riƙe wutsiyar gidansu, to iri biyu ne, littafi ya yi haƙuri. Mun yi ta cewa za mu yi, za mu yi. Ga aji, ga makin jarrabawa, ga 'ya'ya, har shi ya yi ritaya, ni ma na bi bayansa.

Abin da ya tashe mu tsaye idonsa ne. Wata rana na je gaishe su a Makera, Hajiya, matarsa, ta ja ni madafa ta gaya mini likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya ci ƙarfinsa. Magani zai iya jan lokaci, amma abin da ya tafi ya tafi, wanda ya saura ma tafiya yake yi. Da na fito na same shi a tsakar gida yana juya kai kafin ya kama fuskata. Shi bai yi maganar ciwo ba. Ya ce abu ɗaya yake so ya gani kafin a kashe fitila, kuma na san shi. Na ce na sani. Na ce ya ɗauka an gama.

Da damina ta kankama na hau mota na tafi gida. Na hau dutsen da gwiwoyina da suka fara tsufa, na ciro na bakin rafi da ƙasarsa, na ciro na kan falale da tasa, na sa kowane a tukunyarsa. A mota na rungume su har Sabon Tasha, inda nake zaune, ina harara duk wanda ya matso. A bayan gidana na ajiye manyan tsofaffin daro guda biyu, na cika su da ƙasar da ƙanen mijina ya kawo mini daga gonarsa a Kakau, daga tsibi ɗaya. Na dasa tukunya a tsakiyar kowane daro, yadda in kwanso ya fashe irin zai zuba a ƙasar Kakau ɗin. Sa'an nan na raba su nesa da juna, ɗaya a gindin mangwaro, ɗaya can jikin katangar da ake hango hayaƙin matatar Rido ta kanta. Nisan nan shi ne duk dabarar, domin irin balsam tsalle yake yi.

Suka kama, suka yi fure. Malam ya zo da Hajiya a keke mai ƙafa uku, ya duƙa da gilashinsa na ƙara girma ya daɗe yana kallo. Na ce to ga su nan gefe da gefe, me ya rage? Ya ce in daina ruɗin kaina, waɗannan a dutse aka haife su, da ƙasar gidansu suka zo. 'Ya'yansu yake jira, waɗanda ba su taɓa ganin dutse ba. Wato sai damina mai zuwa.

A ƙarshen daminar nan ne aka sa bikin 'yata. Duk wanda ya san mu ya san in an ce biki, zumuntar mata ce ke da gida. Tun ana saura kwanaki matan cocinmu ke zuwa da tukwanensu da wuƙaƙensu da waƙoƙinsu, su karɓe madafa, uwar amarya ta koma baƙuwa a gidanta. Ban manta da darona ba. Na nuna wa kowa, na ce ko kaza ba a yarda ta je wurin ba. Aka ce an ji. Sai aka kira ni wajen tela, wai rigar amarya ta ƙi zama.

Da na dawo, tun daga ƙofa nake jin shewa da dariya a bayan gida, ba irin ta masu yanka albasa ba. Na zagaya. Wurin kafa murhu ne bai ishe su ba, sai suka kama darona biyu suka jawo su suka haɗa a gindin mangwaro, baki da baki. Da a nan suka tsaya da sauƙi. Amma yawancin matan nan 'yan dutse ne kamar ni, wannan daga ƙauyen gabas da mu, waccan daga bayan tsauni. Da aka motsa daron wani kwanso ya fashe, wata ta gane abin da ke gabanta, ta kira sauran. Na same su a durƙushe, mata masu jikoki, da zanen zumunta a ɗaure, suna rige-rigen neman nunannen kwanso suna matsawa. Irin yana ta tsalle daga wannan daro zuwa wancan. Ba su bar ko ɗaya da ya nuna ba.

Na yi musu tas. Ban tsallake kowa ba, har da uwar zumunta, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ita ta riƙe ni ranar nawa auren. Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa masu dafa abincin bikin 'yarka. Uwar zumunta ta miƙe da ƙyar, kwanson yana nannaɗe a yatsanta, ta ce, “Maman amarya, yi haƙuri. Tun da na bar gida ban ƙara ganin abin nan ba. Hannuna ne ya tafi da kansa.”

Na san gaskiya ta faɗa, domin ni ma duk safiya sai na riƙe hannuna a baya in na je duba su. Amma sanin bai rage mini fushi ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, mutane suka ɗauka na rabuwa da 'ya ne, na bar su a haka.

Ga inda ɓarnar take. Tsiron balsam in yana ƙarami ba ka iya cewa wannan na rafi ne wannan na falale, sai ya girma. Na falale kuma jarumi ne, ya saba da wahala, shi ke fara tsirowa ya mamaye wuri. Na rafi ɗan lele ne, sai an lallaɓa shi. Da suna rabe, na san wanda zan tattala. Yanzu da suka gauraya, na falale zai iya danne ɗan'uwansa ya kashe, ko ni da hannuna in cire shi wajen rage cunkoso. In kuwa gajerun wutsiya kaɗai suka fito, ba mai iya cewa dogayen mutuwa suka yi ko rikiɗewa suka yi, kuma littafi ya ci gardama ke nan. Komawa dutse babu amfani, damina ta wuce, tsiron ya bushe. Sake farawa daga tushe kuwa damina biyu ce.

Bayan biki na tafi Makera na gaya wa Malam komai, ban rage ba. Sai ya tambaye ni ko matan sun ji daɗi, na ce ƙwarai, har da shewa. Ya ɗan yi murmushi. Sa'an nan ya ce, “Malama, idon nan ba zai kai damina biyu ba.”

Na ce, “Ɗaya nake nema, Malam. Ka riƙe mini shi damina ɗaya.”

Ban faɗa don in kwantar masa da hankali ba. A hanyar zuwa na riga na yanke abin da zan yi. Tun da ban san wanda zan cire ba, to ba zan cire kowa ba. Duk abin da ya tsiro zan ba shi gidansa.

Na rufe daron da tsohon gidan sauro saboda kaji, na bar su suka yi rani. Da ruwa ya sauka suka tsiro cunkus kamar an watsa irin alayyafo. Na sanar a taron zumunta cewa ina neman gwangwani, na madara, na tumatir, kowane iri, kuma waɗanda suka san abin da suka yi su fi kowa kawowa. Ba wadda ta yi musu. Uwar zumunta ta zo da buhu guda a ka, ta zauna ta huda gindin kowane da ƙusa, ba ta ce mini komai ba, ni ma ban ce ba, da haka muka shirya. Na cika gwangwanayen da ƙasar Kakau ɗin nan dai, na riƙa ciro tsiron da cokalin shayi ina dasawa ɗaya-ɗaya. Inda saiwoyi suka sarƙe na bar su biyu a gwangwani ɗaya, gudun kada in tsinka. Na jera su duka a inuwar mangwaro, na ƙara da rumfar zana, don kada wani ya ce an fifita shi.

Bayan gidana ya zama ba wurin taka ƙafa. Maigidana ya rasa inda zai jingine babur ɗinsa, ya yi ta mita cewa shi ya auri malamar makaranta, ga shi ya tsufa da mai gidan gona wadda amfaninta ba ya shiga miya. Na ce ya jingine a waje, ba a taɓa satar abin da ba ya tashi ba sai an tura. Duk da mitar, ranar da aka yi iska mai ƙarfi shi na gani ya tare rumfar da kafaɗarsa har ta lafa.

Wasu suka mutu, da yawa suka rayu. Da damina ta yi tsakiya fure ya fara buɗewa. Na juya na farko, gajera. Na biyu, gajera. Kullum da safe ina bi layi-layi ina ɗaga bayansu da tsinke, kullum gajeru. Na kai wa Malam guda. A lokacin ganinsa ya koma kamar na mai leƙe ta ramin makulli, sai ya yi ta juya furen kafin ya faɗa cikin ɗan hasken da ya rage masa. Ya gan shi. Ya ce wannan na falale ne, bai canza ba, rabin magana ke nan. Ina sauran rabin? Na ce yana hanya.

Mako ya bi mako, babu doguwar wutsiya. Duk zuwan da na yi sai na tarar ramin makullin ya ƙara tsukewa. Ya daina fita masallaci shi kaɗai. Ya daina tambayata ma, kuma wannan ya fi tambayar yi mini ciwo. Wata rana Hajiya ta raka ni har bakin titi, ta riƙe mini hannu ta ce mutumin nan ba ya cin abinci, in taimaka in ce masa dogayen sun fito, ai ba zai gane ba. Ta ce ita ta ɗauki alhakin. Na tausaya mata ƙwarai, domin ba don kanta ta roƙa ba. Amma na ce a'a. Mutumin da ya ƙi yarda da littafi don idonsa ya ga wani abu daban, ba ni ce zan saka masa da ƙarya ba. Na kuma ce mata ta daina damuwa, za su fito.

Ba cika baki nake yi ba. A cikin gwangwanayen akwai waɗanda suka ƙi sauri, ganyensu ya fi faɗi, in ka shafa ka ji ɗan gashi. Kuma na tuna a gida na falale ne muke fara fasawa, na bakin rafi sai an doshi yankan acca yake nuna kansa. Malam ya je dutsenmu sau ɗaya ne, ya tarar da su duka a buɗe. Ni a can na yi daminoni. Na san ɗan lelen nan ba mutuwa ya yi ba, nawa ce irin tasa. Abin da ban sani ba shi ne ko idon Malam zai jira shi, kuma wannan ne ya hana ni sukuni.

Ran da ya buɗe, asabar ce, an kwana ana yayyafi. A ɗaya daga cikin gwangwanayen da na bar tsiro biyu ne. Na gefen dama ya daɗe da fure, gajera a miƙe. Na hagu ya buɗe guda, na sa tsinke na ɗaga, ga ta nan, doguwa, ta lanƙwashe har tana neman taɓa karan. Gwangwanin tumatir ɗaya, ƙasa ɗaya, saiwoyinsu ma a sarƙe. Na bi sauran masu faɗin ganye na tarar wasu sun buɗe, duk dogaye. Na nemi mai tsaka-tsaki ko guda, ban samu ba. Hujjar da na yi niyyar kawowa da daro biyu ba ta kai wannan ƙarfi ba, amma ban gaya wa matan zumunta haka ba, kada su ɗauka sun yi aikin kirki.

Ko zane ban canza ba. Na tari keke, na ɗora gwangwanin a cinya na kare shi da mayafi, na ce wa mai keken in ya faɗa rami ɗaya tsakanin Sabon Tasha da Makera zai san da wa yake yi. Ya tafi a hankali har masu mota suna yi mana oda.

Hajiya ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi gwangwanin, ta dube ni, ta girgiza kai kaɗan. Ta ce tun farkon mako ko hasken taga ba ya rabewa. Na tsaya a zaure na ji kamar in juya. Na yi duk abin da mutum zai iya yi, na kuma yi daidai, amma na makara, kuma ba wanda zan kama da laifi. Sai na ji muryarsa daga tsakar gida yana cewa ai ya ji takun Malama, ta shigo mana.

Yana zaune a tabarma ya jingina da bango. Na gaishe shi, na durƙusa na ajiye gwangwanin a gabansa. Na kama yatsansa na kai bayan na dama, ya shafa, ya ce na falale. Na kai shi na hagu. Ya bi wutsiyar a hankali tun daga tushe har inda ta lanƙwashe, ya dawo, ya sake bi. Sai ya shiga yi mini tambayoyi kamar ina gaban masu jarrabawa: ko gwangwani ɗaya ne, ko ƙasar ba a haɗa ta da ta dutse ba, ko akwai wasu dogayen bayan wannan, ko na ga wanda ya tsaya tsakani. Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ɗauki gwangwanin da hannu biyu ya kai shi dab da fuskarsa. Ya juya wajen da yake jin ɗumin rana, ya buɗe idon sosai, ya daɗe a haka. Ni da Hajiya ba wadda ta motsa. Can ya sauke shi kan cinyarsa.

“Ban gani ba,” in ji shi. “Malama, ke kin gani?”

“Na gani, Malam. Da idona biyu.”

“To, an gani ke nan.”

Bai miƙo mini gwangwanin ba, ni ma ban tambaya ba. Da na tashi tafiya yana riƙe da shi a cinya, yatsansa a bayan furen.